Hadarin da Ya Biyo Su Hatta

Tun cikin watan Disamba Salmanu ya yi wa 'yarsa alkawarin zai kai ta Hatta, wani gari na cikin duwatsu a bayan Dubai, idan sanyi ya wuce. Ya faɗa ne kawai don ta bar kuka, ranar da 'yan ajinsu suka tafi can yawon buɗe ido, ita aka bar ta a gida. Murjanatu kuwa ba ta san mantuwa ba. Duk safiya sai ta leƙa wayar mahaifiyarta ta ga digiri nawa gari yake, ta zo ta karanta masa yana ɗaura agogo.

Shekararta goma, kuma tana da sikila. Babu abin da jininta ya ƙi kamar sanyi. In iska mai sanyi ta buge ta, ko ta jiƙe ba a yi saurin tsane ta ba, sai ciwon ya tashi a ƙasusuwanta. Bara, wanka kawai ta yi ta fito ta tsaya ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, aka yi kwana tara a asibiti, tana cizon filo don kada ya ji ihunta. Tun daga nan Salmanu ya zama mai gadin ƙofa. Daga makaranta sai ɗan filat ɗinsu na hawa na huɗu a unguwar Karama ta Dubai, daga filat sai makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bakinsa ba ya iya faɗarsa. Kowa Murja yake ce mata, shi kuwa Inna.

Ranar Asabar ta ƙarshen Fabrairu gari ya waye da ɗumi, har fanka suka kunna. Ya rasa hujjar da zai sake kawowa. Matarsa Wasila, da jaririnsu Hadi goye a baya, ta haɗa musu jaka: filas ɗin shayi mai citta, gorunan ruwa, magani, da wata jar rigar sanyi mai kauri wadda ita kaɗai ta cinye rabin jakar.

"Umma, don Allah ban da wannan," in ji Murja. "In dai Abba ya gan ta a jaka sai ya sa na saka. Duk hotunana da ita nake, sai ka ce ba ni da wasu kaya."

"Waya ta ce za a iya yin ruwa yau," in ji Wasila.

"Sati guda ke nan waya tana cewa haka," Salmanu ya ce, "ko ɗigo ba mu gani ba."

"Abban Murja, can fa cikin duwatsu ne, ba bakin teku ba."

Ya dubi yarinyar. Ta sa shuɗiyar rigarta ta sallah, ta yafa ɗan mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsunta. Ya ce su jira shi, bari ya hau sama ya duba.

Salmanu ɗan manomi ne, daga wani ƙauye kusa da Gumel, kuma in da abin da yake taƙama da shi bayan aikinsa, to sanin sama ne. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa cewa ruwa daga gabas yake zuwa. In gabas ta yi wasai, ka shanya hatsinka ka tafi kasuwa. Sannan a garinsu ruwa da sanyi ba su taɓa haɗuwa a wata ɗaya ba. Sai sanyi ya tafi, an sha zafi an gaji, kafin a ga hadari. Shekararsa goma sha ɗaya a Dubai, amma duk a lungunan unguwar Al Buteen ya yi su, a cikin siton wani kamfanin aika kaya inda yake naɗe wa 'yan kasuwar Kano kayansu. Ruwan da ake yi sau biyu ko uku a shekara sai dai ya gan shi yana zuba a titi, bai taɓa ganin ta inda ya taso ba.

Ya tsaya tsakanin tankunan ruwa a kan rufin bene, ya sa hannu ya kare rana, ya dubi gabas. Fes take, ko ɓurɓushin gajimare babu. Ya sauko, ya zare jar rigar daga jaka da hannunsa, ya ajiye ta a kan kujera.

"Yalla, Inna. Mu tafi."

Wasila ta buɗe baki, ta ga yadda fuskar yarinyar ta haskaka, ta mayar ta rufe.

Da motar aiki suka tafi, wata tsohuwar farar bas ta ɗaukar kaya da maigidansa ya ara masa. Suka bar benaye a baya, suka shiga jan yashi, Murja tana ƙirga raƙuma. Can duwatsu suka fara ɓullowa, baƙaƙe, tsirara, babu ko ciyawa a jikinsu. Duk bayan ɗan lokaci sai ya miƙa hannu ya taɓa goshinta.

"Abba, tuƙi za ka yi ko awo?"

"Sha ruwa."

"Yanzu na sha."

"Ƙara."

Sun isa wajen sha ɗaya da rabi. Ya ajiye motar a ƙasa, suka hau zuwa kan babbar madatsar ruwan garin a hankali, yana sa ta hutawa ko ba ta nema ba. Da suka kai sama sai ta zaro ido. Ruwa ne kore shar kwance a tsakiyar duwatsu, ga ƙananan kwalekwale ja da rawaya suna yawo a kai. Wayarsa ta nuna digiri ashirin da takwas. Ya ɗauke ta hoto a tsaye, ya ɗauke ta a zaune, ta ce wannan idonta a rufe yake, ya sake. Suka ci shinkafar da suka sayo a hanya, suka yi azahar a gefe. Rabon da ya ji ta yi dariya mai ƙarfi haka har ya manta.

Akwai wani dattijo mai sayar da zuma a kan ɗan tebur. Wajen ƙarfe biyu Salmanu ya ga ya fara kwashe kwalabensa yana jerawa a akwati. Dattijon ya dube su, ya ce da Larabci, "Haji, ka sauka da yarinya. Ruwa na tafe."

Salmanu ya ɗaga kai ya dubi gabas, ta kan duwatsun da suka yi iyaka da Oman. Shuɗi tar. Ya yi murmushi, ya yi wa dattijon godiya irin ta ladabi, ya ce wa Murja su ƙarasa can ƙarshen madatsar ta ga kwalekwalen da kyau.

Iska ce ta fara bugun ƙeyarsa. Ba irin iskar da ya sani ba ce mai ɗumi da ƙamshin ƙasa wadda ke riga ruwa isowa a gida. Wannan kamar an buɗe firiza a bayansa. Ya waiwaya. Daga yamma, ta hanyar da suka biyo, sama ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiya, ta riga ta haɗiye rabin duwatsun. Tun ɗazu abin yana tahowa a bayansa, shi yana can yana gadin gabas.

"Innalillahi. Inna, zo nan!"

Ba su kai rabin hanya ba ruwan ya sauko. Ɗigon farko da ya faɗa masa a wuya sai da ya zabura don sanyi. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mata, ya ɗauke ta cak, ya bi gangaren da sauri cikin mutane masu gudu suna dariya, wasu har da tsayawa ɗaukar hoto. Gwiwoyinsa na ƙara, numfashinsa na fita da ƙyar, amma bai tsaya ba. Kafin su kai mota rigar tasa da tata duk sun jiƙe sharkaf.

Ya sa ta a kujerar gaba, ya tada mota, ya murɗa maɓallin hita har ƙarshe. Iska mai sanyi ta feso. Ya kashe, ya sake murɗawa, ya doki gaban motar da tafin hannu. Sai a lokacin ya tuna tun shekaru uku da suka wuce bakanike ya toshe bututun hitar saboda yana yoyo, kowa ya ce ba komai, wa ke neman hita a Dubai? Ya duba waya. Digiri goma sha biyar. Motoci kuwa sun cunkushe a bakin fita, wani ɗan sanda cikin rigar ruwa yana ɗaga hannu, wai kwarin da ke gaba ya kawo ruwa, sai an jira ya janye.

Haƙoran Murja sun fara haɗuwa. Leɓenta ya yi fari.

Salmanu ya dafe kansa da hannu biyu. Jar rigar yake gani a kan kujera, inda ya ajiye ta da hannunsa. Sai ya waiga bayan motar, idonsa ya sauka a kan kayan aikinsa: naɗin soso fari mai laushi, babban naɗin ledar nan mai ƙwayoyin iska da suke ce wa babul, kwalaye a ninke, salatif, tawul, da busasshiyar rigar aikinsa rataye a ƙusa.

"Inna, koma baya. Cire jiƙaƙƙun kayan nan duka, ki goge jikinki da wannan tawul, ki sa rigata. Na juya baya. Yi sauri."

Da ta ce ta gama, ya tsallaka baya. Rigar ta sauko mata har ƙauri. Ya shimfiɗa kwali uku a ƙasan motar don kada sanyin ƙarfe ya taɓa ta, ya tsayar da ita a kai. Ya ɗauko soson. Ya fara daga ƙafafu, kowace ƙafa daban, yadda yake yi wa ƙafafun teburin gilashi. Ya zagaya gwiwoyi sau biyu, don nan ciwon ya fi son farawa. Ya naɗe ƙugu da baya da ƙirji, ba tamau ba, yana zura yatsu biyu ya ji ko da wurin numfashi. Sannan ya bi da babul a kai, ya yanki salatif da haƙori, ya manna nan, ya manna can. Ya yanko wani soson ya yi mata hula, ya bar fuska da tafin hannu kawai a waje. A shekara goma sha ɗaya ko kofi ɗaya bai taɓa fashewa a naɗinsa ba, daga nan har Kano.

Ya zaunar da ita a cikin wani babban kwalin talabijin da ya buɗe gefensa, ya zuba mata shayi a murfin filas. Ta kurɓa, ta dubi jikinta, sai dariya ta ƙwace mata.

"Abba, jirgin sama za a sa ni ko kontena?"

"Sha shayi."

"In kontena ce wata biyu fa zan yi a hanya. Ka rubuta sunan Umma a jiki, kada a kai ni gidan wani."

"Wa zai karɓe ki da wannan surutun? Maido ki za a yi."

Shi daga shi sai singileti jiƙaƙƙiya. Ya zauna a gefen kwalin, ya kama tafin hannunta yana murzawa. Ruwa na dukan rufin motar kamar ana zuba tsakuwa. Ta sa yatsa tana fasa ƙwayoyin ledar da ke cinyarta, ɗaya bayan ɗaya.

Wayarsa ta yi ƙara. Wasila ce. Ya daɗe yana kallon sunan kafin ya ɗauka.

"An ce ana ruwa a can. Kuna ina?"

"Muna cikin mota. Ta jiƙe, Wasila. Ni na jawo. Kin faɗa min ban ji ba."

Ya ji ta ja numfashi. Ya jira faɗan, ya san ya cancance shi.

"Ka canza mata kaya?"

"Na canza. Na naɗe ta."

"Da me?"

Ya faɗa mata. Ya ji wani sauti da bai gane ko kuka ne ko dariya ba. "To ka ba ta magani yanzu, kada ka jira. Ka yi ta ba ta ruwa. Kai kuma me ke jikinka?"

"Ni lafiyata ƙalau."

"Ka naɗe naka jikin ma. Ba ni da ƙarfin jinyar mutum biyu."

Ya ba Murja maganin, ya yafa ragowar soson a kafaɗa. Can ya lura ƙarar fasa ledar ta tsaya. Ya dubi fuskarta. Tana kallon tagar baya, ta ɗan cije leɓe ta gefe ɗaya. Ya san wannan cizon.

"Inna, ina ne ke miki ciwo?"

"Babu."

"Likita ya ce daga ɗaya zuwa goma. Nawa?"

"Sifiri."

"Dube ni."

Ta ƙi dubansa. Hawaye ya gangaro ya tsaya a bakin hular soson.

"In na faɗa, shi ke nan," ta ce a hankali. "Ba za ka sake bari na je ko'ina ba. Ko ƙasan bene."

"Wa ya ce miki haka?"

"Ai haka kake yi. Ranar da na ce hannuna, sati biyu ban je makaranta ba, kuma ɗan kaɗan ne ma." Ta ja hanci. "Shi ya sa sauran ban faɗa ba."

"Waɗanne sauran?"

"Sau biyu. Ɗaya a watan jiya. Na shiga banɗaki na zauna har ya lafa."

Salmanu ya ji sanyin da ya fi na ruwan ya ratsa shi. A cikin gidansa, bango ɗaya tsakaninsu, yarinyar nan ta zauna a kan tayil ita kaɗai tana jiran ciwo ya lafa, shi yana falo yana ganin ya tsare ta daga komai. Da abin ya yi tsanani fa? Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa zai yi.

Ya matso, ya goge mata hawayen da babban yatsa.

"Saurara, Inna. Ni matsoraci ne, kin sani. Ba zan ce miki zan daina tsoro ba, ƙarya zan yi. Amma mu yi ciniki. Ke ki riƙa faɗa min gaskiya, ko ɗaya ne, ko rabin ɗaya. Ni kuma ba zan kulle ki saboda kin faɗa ba. In likita ya ce a zauna, a zauna. In bai ce ba, ki je makaranta, ki je gidan su ƙawarki, mu sake zuwa nan ma."

Ta dube shi da jajayen idanu. "Ka ce wallahi."

Salmanu ba mai saurin rantsuwa ba ne. Ko a wurin aiki an san shi da haka. Bai furta ba sai da ya tabbata zai iya ɗaukar abin da zai faɗa.

"Wallahi."

"Gwiwar hagu," ta ce. "Uku."

"Uku tsakani da Allah?"

"Ɗazu huɗu ne. Da na sha shayi ya dawo uku."

Ya ɗora tafukansa biyu a kan gwiwar, ta saman ledar, ya riƙe. Ya ce da an buɗe hanya za su biya asibitin garin a duba ta kafin su kama hanyar gida. Ta ce to, ba ta yi musu ba. Suka zauna haka, yana karanta abin da ya sawwaƙa a ƙasan maƙoshi, tana kurɓar ruwa.

Wajen la'asar ruwan ya tsagaita, ya koma yayyafi, ya ɗauke. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare. Sai suka fara jin wata ƙara daban, mai kauri, kamar babbar mota na tahowa ba ta isowa. Mutane suna fitowa daga motocinsu suna nuna sama, ana kiran juna da harsuna iri-iri.

"Mene ne, Abba?"

Ya goge tagar da hannu ya leƙa. Baƙin dutsen nan da suka wuce da safe, busasshe ƙayau, yanzu ruwa ne ke zubowa daga ƙwanƙolinsa, fari fat, ya rabu gida uku yana faɗowa cikin kwari. Daga inda take zaune a cikin kwali ba za ta iya gani ba. Ta miƙa wuya, ledar ta yi ƙara, ta koma ta zauna. Ba ta roƙe shi ba. Ta dai dube shi.

Ya duba waya. Goma sha shida. Ya buɗe ƙofar baya kaɗan, ya fitar da hannu ya ji iskar. Da sanyi, amma ta kwanta. Zuciyarsa tana ce masa ya ja ƙofar ya rufe, ya ɗauki hoton abin ya nuna mata a waya.

"Minti biyar," ya ce. "Kuma ba za ki taka ƙasa ba."

Ya ƙara mata salatif a wuyan hular, ya ɗauke ta kamar yadda yake ɗaukar kayan da ba a jijjigawa, hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi, ɗaya a baya. Ya sauko, ya tsaya a bayan ƙofar motar inda iska ba ta bugowa, ya juya da ita ta fuskanci dutsen. Wata mata 'yar Indiya da ke kusa ta gan su, ta rufe baki tana dariya, ta ɗaga wa Murja hannu. Murja ta ɗaga nata tafin da ya leƙo daga cikin soso.

Ta kalli ruwan, bakinta a buɗe. Ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya cika wurin.

"Ashe duwatsun nan suna da ruwa a ciki," ta ce.

"Ba a ciki yake ba. Wanda ya dake mu ne yake saukowa."

"To ai gara da ya dake mu."

"Kul. Kada Ummanki ta ji wannan."

Ya ji ɗumin bayanta yana ratsowa ta cikin ledar zuwa hannunsa. Can gaba ɗan sandan ya fara sakin motoci ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa yanzu?" ya tambaya.

Ta saurari gwiwarta, kamar mai son ta ba da amsar da babu ƙari babu ragi.

"Uku. Bai ƙaru ba."

"In ya ƙaru fa?"

"Zan faɗa."

Ya dubi agogonsa. Minti biyar ɗin sun cika har sun gota. Layin motocin da sauran tsawo kafin ya zo kansu. Ya gyara mata zama a hannunsa, ya matsa gaba taku ɗaya don ƙofar ta daina tare mata gefen dutsen.